Baƙo da Rijiya da Tankar Yashi: Raddi Ga Masu Kushe "Mad Max 2" da Masu Yi Masa Kirari

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke a ɗakin hutawar ɗalibai ran da muka kalli fim ɗin nan Mad Max 2. Ana gamawa sai mutane suka rabu gida biyu. Wani yayanmu na aji huɗu ya miƙe ya ce abin kunya ne a ga ɗan Ƙungiyar Hausa ya zauna kallon Turawa suna karo da motoci, ya ce wannan shirme ne, ba ruwansa da adabi, wai kuma har da saɓo a ciki, tun da an nuna duniya ta tashi amma ga mutane suna yawo. Ɗaya ɓangaren kuwa samari ne 'yan ajinmu, su ba abin da suke yi sai kirari ga Max, wai namijin duniya, wanda ba ya neman taimakon kowa. Ni kuwa na ce duka ɓangarorin biyu sun yi kallo amma ba su gani ba. Aka ce in kawo hujja. To, ga ta.

Da farko ya kamata mu san abin da muke magana a kansa. Wani mutumin Ostiraliya mai suna George Miller ne ya shirya fim ɗin. Shi likita ne tun asali, ya kuma yi aiki a asibiti inda ya ga irin ɓarnar da hatsarin mota ke yi wa jikin ɗan Adam. Kashi na farko ya fito a 1979, inda Mel Gibson ya fito a matsayin Max, ɗan sandan da 'yan daba masu babura suka kashe masa mata da ɗa. Kashi na biyu, watau wanda muke gardama a kai, ya fito a 1981, aka kuma nuna shi a Amurka a 1982 da sunan The Road Warrior. An ɗauke shi ne a dajin da ke kewaye da garin Broken Hill. Tushen labarin kuwa yana komawa ga 1973, shekarar da ƙasashen Larabawa suka hana wa wasu ƙasashen Turawa mai, farashi ya ninka wajen sau huɗu, masu motoci suka shiga layi suna faɗa a gidajen mai. Wanda ya taɓa kwana a layin mai a ƙasar nan, ko ya sayi galan a hannun 'yan bumburutu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

To, Yaya, batun saɓo ka yi saurin yanke hukunci. Ba tashin ƙiyama fim ɗin ya nuna ba. Abin da ya nuna shi ne rushewar mulki da doka bayan manyan ƙasashe sun gwabza yaƙi a kan mai. Rana tana fitowa, tana faɗuwa, sai dai ba alƙali, ba ɗan sanda, ba kasuwa. Wannan kuwa ya sha faruwa a tarihi, kuma tambayar yadda mutane za su zauna da juna in haka ta auku tambaya ce da ta dace da kowane mai nazari.

Batun cewa ba adabi ba ne, a nan ne na fi mamakinka, domin kai ka riga mu sanin abin da malamanmu suke kira tarihihi, watau labarin da ya ɗauko wani abu na tarihi ya yi masa ado har ya zama tushen wata al'umma. Dubi zubin fim ɗin. Da muryar wani tsoho aka buɗe shi, yana tuno wani baƙo da ya gani tun yana yaro. Wasu mutane sun mallaki rijiyar mai da 'yar ƙaramar matata a tsakiyar hamada, 'yan dabar wani ƙato mai rufe fuska da ƙarfe, Humungus, sun yi musu ƙawanya, ba shiga ba fita. Sai ga baƙo ya ɓullo, ba wanda ya san asalinsa, ya warware musu matsalar. Sai a ƙarshe muka gane tsohon nan mai ba da labari shi ne yaron dajin nan da ba ya magana sai gurnani, wanda Max ya ba ɗan akwatin kiɗa, ya girma ya zama shugaban ƙabilar da suka kafa a arewa. Don Allah wanne ɗalibin Hausa ne zai ga baƙo da rijiya da mugun abin da ya tsare rijiyar, bai tuna da Bayajida da Kusugu da macijiyar Daura ba? Ban ce Miller ya san labarin Daura ba. Abin da nake cewa shi ne zubi iri ɗaya ne, kuma in ya cancanci nazari a bakin tsohuwa, ya cancanci nazari a majigi.

Wajen salo ma akwai abin koyo. Fim ne na wajen awa ɗaya da rabi, amma maganganun tauraronsa duka ba su kai 20 ba. Ba a ce mana mai ya yi tsada ba, an nuna mana Max yana tara fetur ɗin da ke ɗiga daga motar da ta kife, kamar mai tarar ruwan sama a kwarya. Ba a ce mana ana yunwa ba, an nuna shi yana cin abincin kare na gwangwani, ya miƙa wa karensa ragowa. Marubutanmu da taurarinsu kan tsaya su yi wa'azin shafi uku kafin su sha ruwa, da sun zo sun ɗauki darasi. A wannan fanni kashi na biyu ya fi na farko nesa ba kusa ba, domin na farko labarin ramuwar gayya ne na mutum ɗaya, na biyu kuwa labarin jama'a ne.

Yanzu kuma na juyo kanku, 'yan ajinmu masu kirari. Wai shin kun kalli ƙarshen kuwa? Max bai shiga sansanin nan don tausayi ba, ciniki ya je yi: ya kawo musu kan babbar mota da zai ja tankarsu, su biya shi da mai. Da suka biya shi suka roƙe shi ya zauna da su, ya ƙi, ya kama hanya shi kaɗai. Me ya samu? Ba a yi nisa ba aka kifar da motarsa, aka harbe karensa da kibiya, man da ya sha wahala a kansa ya ƙone ƙurmus. Wanda ya tsince shi rai a hannun Allah shi ne matuƙin ɗan jirgin nan da Max ya ɗaure da sarƙa yana wulaƙantawa. Sa'an nan da ya ja tankar, aka yi ta kashe-kashe a kan hanya har ta kife, me ya zubo daga cikinta? Yashi! Man yana cikin durom-durom a motocin da jama'a suka sulale da su ta wata hanya. Fim ɗin bai faɗa mana ko Max ya san da wannan dabara ba, amma ko ya sani ko bai sani ba, shi ne tanar da aka sa a bakin fatsa. Jama'a suka tsira suka kafa gari, shi aka bar shi tsaye a kan kwalta. Jigon fim ɗin ke nan, kuma kishiyar abin da kuke yi wa kirari ne.

Amma kada a ce na zama maroƙin Miller. Fim ɗin yana da aibu, kuma babba. Na ɗaya, mutanen da aka ce ɗigon mai ya fi musu rai daraja, su ne ke kwana suna zagaye da babura suna ƙona shi a banza, don dai mai kallo ya ji daɗi. Na biyu, a tsakiyar hamada ake, amma ba wanda ya damu da ruwa ko iri, sai ka ce fetur ake sha. Na uku, mata. An nuna yadda aka yi wa wata fyaɗe aka kashe ta, mu kuma aka sa mu leƙe ta madubin hangen nesa tare da Max, aka wuce. Jarumar da ta fi yawancin mazan sansanin zuciya kuwa ko suna ba a ba ta ba. Shi kansa Miller ya dawo kan waɗannan a Fury Road na 2015, inda ruwa ya zama abin faɗa, wata tsohuwa ke yawo da jakar iri, mace kuma, Furiosa, ta riƙe sitiyari. Wanda ya gyara ai ya san da ɓaraka.

Aibu na huɗu shi ya fi ci mini rai. Ƙasar da aka ɗauki fim ɗin tana da masu ita, mutanen Wilyakali, kuma 'yan asalin Ostiraliya sun fi shekara 50,000 a nahiyar kafin Ingilishi su sauka a 1788. Su ne suka fi kowa sanin yadda ake rayuwa a wannan daji ba tare da fetur ba. Amma na duba daga farko har ƙarshe ban ga ko ɗayansu ba. Makaminsu na jifa kawai aka ara, sandar nan mai lanƙwasa da kan dawo wa mai ita, aka ƙera ta da ƙarfe aka damƙa wa yaron Bature. A 1981 dokar ƙasar tana nan a kan cewa Turawa sun tarar da ƙasar ba ta kowa ba ce, sai a 1992 babbar kotunsu ta rushe wannan a shari'ar Mabo. Fim ɗin ya ɗauki wannan ƙarya ya mai da ita hoto. Mu ma kada mu yi dariya, domin tarihihin da ya ba mu Hausa Bakwai shi ne ya kira Zamfara da Kabi da Nufe da sauransu Banza Bakwai. Mai ba da labarin asali shi ke zaɓen wanda zai shiga da wanda za a bari a waje, kuma aikin manazarci ne ya tambaye shi dalili.

Saboda haka ina roƙon shugabannin Ƙungiya su sake nuna fim ɗin, amma a wannan karon kowa ya zo da takarda da biro, a gayyaci malamanmu na adabin baka, a ajiye shi gefe da labarin Bayajida a feɗe su tare. Yaya, in bayan haka ka ce har yanzu shirme ne, shafin nan a buɗe yake, ga fili ga mai doki. Allah ya ƙara mana basira, amin. Wassalam.