Gudun Babur a Takarda Dabam, a Hanya Dabam

'Yan'uwa manoma, da zarar ƙungiya ta tara kuɗi ta sayi babur, sai samari su ce a kai wa bakanike ya sāke farantin nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, wai don ya ƙara gudu. Ni dai ban goyi bayan wannan ba. Bari mu yi lissafin tare, ba shi da wuya.

Ka sa alama da gawayi a tayar baya, ka tura babur har ta juya sau ɗaya, ka auna ƙasar da ta ci. Taya mai inci 17, irin ta Bajaj Boxer, takan ci wajen mita 1.8. To, a ce inji yana juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, a giyar ƙarshe kuwa sai ya juya sau 9 kafin taya ta juya sau 1. Taya ta juya sau 800 ke nan a minti. Mita 1.8 sau 800 ya ba mu mita 1,440. A sa'a guda, kilomita 86.

In farantin gaba mai haƙori 14 ne, aka sa mai 15, takarda za ta ce kilomita 92 da ɗoriya. Amma takarda ba ta ɗaukar buhu. Inji bai ƙara ƙarfi ba. Abin da aka ƙara wa gudu, daga ƙarfin jan kaya aka cire shi. Ga iska kuma: wanda ke so ya ninka gudunsa, ƙarfin ture iska sai ya ninka sau 8. Saboda haka in an ɗora masara buhu biyu, injin ba zai kai 7,200 ɗin nan ba. Sai nishi, a yi ta komawa giya ta 3, kuloci yana cinyewa.

Babur ɗinmu aikinsa daga gona a Burumburum zuwa kasuwar Tudun Wada ne, cikin lakar damina, wani lokaci har hawan tuddan Riruwai. In sākewa za a yi, gara a ƙara wa farantin baya haƙori biyu ko uku. Gudu zai ragu kaɗan, amma zai tashi da kaya ba gardama.

Magatakarda ya ƙirga haƙoran farantan nan biyu ya rubuta a littafin ƙungiya kafin a kai babur gyara. Ranar sāke sarƙa kuwa, a sāke ta tare da farantanta, don tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa.