RA'AYI: A Keɓe Wa Masu Lambu Fadamun Lugbe

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ya san inda tumatir da albasa da attarugun kasuwannin Mile 12 da Bodija ke fitowa. Daga lambunan Arewa ne, kuma yawancinsu na noman rani ne. Yau wannan sana'a tana cikin matsi, kuma halin da ake ciki a Lugbe, a kan hanyar filin jirgin saman Abuja, ya isa misali.

Kafin a kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, wannan yanki ƙasar Gbagyi ce mai gonaki da rafuka. Da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, sai gine-gine suka shiga cin daji. Masu lambu suka koma raɓe a bakin rafuka, suna shuka alayyafo da latas a filayen aro. Ranar da mai takardar fili ya sauke bulo, sai mai lambu ya naɗe tiyonsa ya ƙara gaba.

Ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa. A watan Yuni na 2023 ambaliya ta afka wa rukunin gidajen Trademore a nan Lugbe, ta yi ɓarna mai yawa. Fadamar da aka cike da siminti, an rasa amfaninta da rani, ga kuma bala'inta da damina.

Ba yau ƙasar nan ta fara karo da rashin tabbas na ruwan sama ba. Dattawa ba su mance da farin 1973 ba. A zamanin nan ne aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, aka kuma kafa hukumomin raya koguna a 1976. Amma a Bakolori, a 1980, an zubar da jinin manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Darasin a fili yake: aikin ban-ruwan da aka yi ba da shawarar manomi ba, rigima yake haifarwa. Shirin Fadama na shekarun 1990, mai raba ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse, ya fi kusa da talaka.

Yanzu damina ta ƙara rikicewa, wani lokaci ta makara, wani lokaci ta zo da ambaliya. Ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin man injin ban-ruwa ke lashe ribar mai lambu.

Saboda haka lalle ne Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya ta auna fadamun da suka rage a Lugbe da kewaye, ta hana gini a kansu, ta ba ƙungiyoyin masu lambu haya da takarda a hannu. Wanda ya san ba za a tashe shi baɗi ba, shi ne zai haƙa rijiya. Wajibi ne kuma ma'aikatan lafiya su riƙa duba ruwan da ake ban-ruwa da shi, domin ruwan kwata ba ya kamata da ganyen da ake ci ɗanye.

'Yan Arewa mazauna Kudu su ma suna da nasu aikin. Ƙungiyoyin 'yan gwari da sarakunan Hausawa za su iya haɗa adashi, a sayi injunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana a aika gida, a kan bashin da za a biya bayan an ɗebi amfani. Dillalin da ke Mile 12 ba shi da kasuwa in lambu ya bushe, kamar yadda aka gani a 2016 sa'ad da tsutsa ta cinye tumatir a Kano da Kaduna.

Tun ran gini, tun ran zane. In aka jira sai an gine fadama ta ƙarshe, ba dokar da za ta maido da ita.