Abin Da Yatsa Ke Ɓoyewa, Jini Na Faɗa

Likitocin da suka yi fama da korona bayan shigowarta Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 ba za su manta da wani abin al'ajabi ba: majinyaci na zaune yana hira, bai koka da sarƙewar numfashi ba, alhali iskar oksijin ta yi ƙasa matuƙa a jininsa. Kafin a ankara, huhu ya gaza.

Tun daga lokacin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta zama ruwan dare. Tana da amfani: lafiyayye kan nuna 95 zuwa 100, ƙasa da 90 kuwa alamar haɗari ce. Sai dai da haske take aunawa ta cikin fata. Binciken da likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka suka wallafa a Disambar 2020 ya gano cewa yadda take kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata ya kusa ninka na farar fata sau uku. Ke nan, mu abin ya fi shafa.

A nan gwajin jini ke shigowa. Jinin da ake ɗiba daga jijiyar wuyan hannu shi ke nuna adadin oksijin kai tsaye. Sinadarin laktet kan hau idan sassan jiki ba sa samun isasshiyar iska. CRP da feritin na nuna ƙarfin kumburi, LDH na nuna lalacewar ƙwayoyin jiki, D-dimer kuma na nuni da daskarewar jini. Waɗannan huɗun ba iska suke aunawa ba, amma suna taimaka wa likita ya bambance wanda zai koma gida da wanda ya kamata a kwantar kusa da tukunyar oksijin, ko korona ce ta kama shi ko mura mai tsanani.

Ya ku masu tsara kasafi da masu rubuta wa shugabanni takardun shawara, ana bikin buɗe sabon gini, amma babu mai bikin sayen sinadaran ɗakin gwaji. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Ya dace ku tabbatar waɗannan gwaje-gwaje na samuwa a asibitin da ma'aikaci ke zuwa, kuma sakamakonsu na fitowa cikin sa'o'i. Sakamakon da ya iso bayan kwana uku, ihu ne bayan hari.