Ɗalibai 'Yan Wasa A Ƙasashen Waje: Wa Ke Riƙe Da Takardunsu?

In aka ce wa mutumin Kano ko Zariya wane ya tafi karatu ƙasar waje, abin da zai faɗo masa a rai jirgin sama ne da ƙetare teku. Mutumin Bagudo kuwa ba haka ba. In ya bi hanyar Ka'oje ya kai Tsamiya, da ya ƙara gaba kaɗan ya shiga Jamhuriyar Benin, wadda dattawa suka sani da sunan Dahome, ya doshi Segbana da Kandi. Ta wajen Illo da Lolo ma haka abin yake. Birnin Parakou, inda akwai jami'ar gwamnatin Benin, ya fi Abuja kusa da shi nesa ba kusa ba. Sabo da haka mutanen wannan yanki sun riga sauran jama'a sanin abin da kan sami ɗalibi in an tsinke masa zangon karatu yana ƙasar wasu.

Sun gani da idonsu a watan Agusta na 2019, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da mai. Ba a fita daga wannan ba sai ga annobar korona a Maris na 2020, aka hana mutane ƙetarewa gaba ɗaya. Da aka tashi buɗewa ran 16 ga Disamba, 2020, iyaka huɗu kaɗai aka buɗe, watau Seme da Illela da Maigatari da Mfum, babu ta Jihar Kebbi ko ɗaya. Kamba ma sai Afrilu na 2022. Yaron da ke karatu a ƙetare a wannan lokaci, in yana can guzuri ya yi wuyar kai masa, in hutu ya kawo shi gida komawa ta zama aiki.

To, akwai wani irin ɗalibi wanda nasa nauyin ya ninka wannan, shi ne wanda gudu ko tsalle ko jifa ya kai shi makarantar waje. A Amurka jami'o'i kan ɗauki irin waɗannan yara su biya musu kuɗin karatu da ɗaki da abinci, su kuwa su yi wa makaranta wasa a gasa. 'Yan Nijeriya da yawa sun bi wannan hanya, cikinsu har da Tobi Amusan, wadda ta yi karatu a jami'ar El Paso ta Jihar Texas. Irin wannan ɗalibi igiya biyu ke riƙe da shi. Izinin zamansa a ƙasar yana rataye ne ga karatu, kuɗin karatun kuwa yana rataye ga wasa. In aka girgiza ɗaya, ɗayar ma ta motsa.

A shekarar 2020 duka biyun aka girgiza a mako ɗaya. Ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, wadda a ke kira NCAA, ta shirya babbar gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta cikin zaure a birnin Albuquerque ran 13 da 14 ga Maris. 'Yan wasa sun riga sun sauka a garin, wasu har sun fara gwada fili, sai ran 12 ga wata aka ce an soke, tare da duk sauran gasa na wannan shekarar karatu. Cikin kwanaki kaɗan makarantu suka sallami ɗalibai suka koma koyarwa ta intanet. Ɗan ƙasa ya ɗauki jakarsa ya tafi gidan iyayensa. Ɗan Nijeriya kuwa ina za shi? An rufe filayen jiragen samanmu ga jiragen waje ran 23 ga Maris, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba. Dokar bizarsa kuma ba ta ba shi damar ya fita gari ya nemi aikin da ya ga dama don ya ci abinci ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ana cikin haka, ran 6 ga Yuli hukumar shige da fice ta Amurka ta ba da sanarwa cewa duk baƙon ɗalibin da makarantarsa za ta yi karatu ta intanet zalla, sai ya bar ƙasar. Jami'o'in Harvard da MIT suka kai ƙara, ran 14 ga wata gwamnati ta janye maganar. Kwana takwas ke nan, amma wanda ya kwana takwas bai san ko za a kore shi ba ya san tsawonsu. Ita NCAA ta yi wani abin kirki, ta ƙara wa 'yan wasan bazara shekara guda a madadin wadda ta salwanta, sai dai ta bar wa kowace makaranta ta zaɓa ko za ta ci gaba da biya wa waɗanda ke shekarar ƙarshe yadda ta saba, ko ta rage.

Kada mai karatu ya ce da sun zauna gida da sun huta. A gida malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga Maris har Disamba na wannan shekara, wata tara cur, gasar wasanni ta ƙasa da aka shirya yi a Jihar Edo a Maris na 2020 kuwa sai Afrilu na 2021 aka yi ta.

Duk wannan ana iya ɗora shi a kan annoba, annoba kuwa ba a kai ta ƙara. Abin da ya biyo baya shi ne ba shi da uzuri. An ɗage wasannin Olamfik na Tokyo daga 2020 zuwa 2021, yaranmu na Amurka suka jure, suka koma fili, suka cika sharuɗɗan shiga. Ruth Usoro, ɗalibar jami'ar Texas Tech, ta ci gasar NCAA ta tsalle mai taku uku sau biyu a 2021, ta cikin zaure da ta fili. Favour Ofili tana Jami'ar Jihar Louisiana tana gudun da ya kai ta Tokyo ba ta cika shekara 19 ba. Suka isa Japan. Ran 28 ga Yuli, 2021, hukumar da ke binciken shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi a wasannin guje-guje ta duniya ta hana mutum 20 shiga gasa, 10 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, har da waɗannan 'yan mata biyu.

A lura, ba a kama ko ɗayansu da shan kome ba. Tun 2020 aka sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da a ke tsananta wa bincike, aka ce lalle kowane ɗan wasanta a yi masa awo na ba-zata sau uku cikin wata goma kafin babbar gasa, tsakanin awo da awo a sami aƙalla mako uku. Shirya wannan awo aikin hukumar wasanni ta gida ne, ba na yaro ba, awon da makarantunsu ke yi musu a can kuwa ba ya shiga lissafi. Watau aikin akawu ne: a buɗe fayil, a rubuta suna, a ƙirga kwanaki, a aika da wasiƙa a kan lokaci. Ba a yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, mako uku uku kuwa ba ya matsuwa cikin kwana biyu. Yaran suka fita titin Tokyo da kwalaye a hannu suna kuka da abin da aka yi musu. Ɗaya daga cikin goman, Annette Echikunwoke, mai jifan guduma, haifaffiyar Amurka, ta koma yi wa ƙasar haihuwarta wasa, ta ci lambar azurfa a Paris a 2024. Ita Favour Ofili, a Paris ɗin ma an bar sunanta a baya a gudun mita 100, bayan ta cancanta.

Mai karatu na bakin iyaka zai gane wannan ciwo, don ya ga irinsa. A ƙarshen Disamba na 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida bai shiga aji ba. Ran 2 ga Janairu, 2024, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo baki ɗaya. A Agusta na shekarar Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce jami'o'i biyar kaɗai aka yarda da su a Benin, uku a Togo, ya ce kuma takardun jabu sun haura 22,000. Masu sayen takarda sun ga sakayyarsu, ba mu tausaya musu. Amma tsintsiyar ta haɗa har da yaron da ya zauna shekara uku ko huɗu yana karatu tsakani da Allah, ya sha wahalar rufe iyaka, a makarantar da ofisoshinmu suka daɗe suna karɓar takardunta ba wanda ya ce masa kul.

A ganinmu nan ne malamai da akawunan ƙananan hukumomi suke da hannu, don ta teburinsu takardar shaidar ɗan ƙasa da ta kammala makaranta ke bi kafin yaro ya tashi. In uba ya zo da ɗansa za shi Parakou ko Kwatano, a duba tukuna ko makarantar tana cikin waɗanda Ma'aikatar Ilmi ta yarda da su. In kuwa yaron da ya fi kowa gudu a gasar makarantu ne aka yi masa tayin Amurka, a karanta takardar alkawarin tare da shi layi layi: shekara nawa za a biya, me zai faru in ya ji rauni ko aka soke gasa, ina zai kwana in aka rufe ɗakunan ɗalibai, wa zai biya kuɗin jirgin dawowa. Sa'an nan a tabbata sunansa ya shiga littafin hukumar wasanni ta jiha da ta ƙasa, a ajiye kwafin kowace takarda a ofis, da sunan ma'aikacin da zai riƙa bin fayil ɗin in an canja wa na farko wurin aiki.