Kafin a hana robar tekawe, a tanadi masu ƙera mol

Tun watan Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta farar robar tekawe. Abin da ake sa ran zai maye gurbinta shi ne mazubin da ake yi da tukar rake ko tsofaffin takardu, dangin kiret ɗin ƙwai. Kayan haɗin a yashe suke ko'ina. Wuyar aikin tana wajen mol.

Mol ɗin ƙarfe ne mai ƙananan huji, an lulluɓe shi da lallausar raga. Ana tsoma shi cikin kunun takarda, inji ya zuƙe ruwan, zaren ya manne ya ɗauki siffa. Haka ake yin wasu matatun iska ma. Ragar takan toshe, takan yage, kuma duk sabon fasali sai da sabon mol.

Mai ƙaramar masana'antar da zai jira mol daga China, ya biya da dala, ba zai sayar wa mai tuwo da araha ba. Duk jihar da ke shirin bin sahun Legas, ya kamata ta fara bai wa kwalejojin fasaharta injin sassaƙa ƙarfe da kwangilar ƙera mol, sannan ta sa ranar haramci.