Daɗi da Wuyar Taron Kiɗa a Fili: Kira ga Manazarta Waƙar Baka

Yawancinmu da muka yi nazarin waƙar baka a jami'a, a kaset da takarda muka haɗu da ita. Ɗalibi yakan samo waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo, ya juye ta a rubuce, ya ware gindinta da ɗiyanta, ya fito da turke da salo, ya miƙa kundi. Ni ma haka na yi, kuma ba na raina wannan hanya, domin littattafai irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa mata tsari mai ƙwari. Sai dai ra'ayina shi ne, wanda bai taɓa tsayawa a filin kiɗa daga rana har dare ba, akwai wani ɓangare na waƙar da bai sani ba. Haka kuma yadda ake shirya tarukan kiɗa a fili a yau yana rage wannan ɓangare, alhali mu da ya kamata mu yi magana ba ma zuwa wurin.

A hunturun da ya wuce na halarci wani bikin kiɗa da al'adu a wani gari na arewa maso yammacin Nijeriya. Takardar gayyata ta ce za a fara bayan sallar azahar. Jama'a suka cika fili a kan lokaci, makaɗa suka zauna a gefe da kayansu, amma manyan baƙi ba su iso ba sai da la'asar ta yi sakaliya. Rumfa ɗaya aka kafa, ita ma ta masu kujeru ce. Sauran jama'a muna tsaye cikin rana, iska na watsa mana ƙura, ruwan leda ya yi tsada, babu makewayi, kuma ba a keɓe wa mata wurin da za su tsaya cikin natsuwa ba. Da yawa daga cikinsu sun koma gida kafin a buga ganga ko ɗaya.

Da aka fara, jawabai suka cinye abin da ya rage na hasken rana. Daga nan aka riƙa kiran makaɗan gargajiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yan mintoci kaɗan. Wani dattijo mai kalangu ya hau dandamali da 'yan amshinsa huɗu, aka ba su makirufo guda. Muryar jagora ta fito ta lasifika da ƙarfi, amshi kuwa ya ɓace, domin masu yin sa suna nesa da makirufo. Bai kai ga ɗa na uku ba mai gabatarwa ya karɓe magana. Bayansa mawaƙan zamani suka hau, aka kunna musu waƙoƙinsu da aka riga aka naɗa a ɗakin ɗaukar sauti, suna bin su da leɓe. Matasa sun yi sowa, kuma ba na zargin su da jin daɗin abin da suke so. Amma abin da aka ji a filin bai bambanta da abin da ke cikin wayoyinsu ba ko da kalma ɗaya.

Da a nan na tafi, da ban rubuta wannan maƙala ba. Bayan sallar isha'i, manya sun watse, an kashe janareto, sai na ji kalangu daga can ƙarshen fili. Dattijon nan ne, a zaune a tabarma, 'yan amshinsa a kewaye da shi, mutane sun yi da'ira. Yana cikin wata waƙa sai wani tsohon ɗan dambe ya kutso. Nan take mai kalangu ya matse shi a hammata, sautin ya sauya zuwa taken mutumin, kuma jama'a suka gane wanda ake nufi kafin a ambaci sunansa. Jagora ya saƙa sabon ɗa a kansa, ya kira garinsu da wanda ya taɓa kayarwa, 'yan amshi suka karɓe kamar sun shekara suna rera shi. Tsohon ya ɗaga hannu ya yi kirari, aka yi masa guɗa, wani ya zo ya yi liƙi, sanƙira ya shelanta kyautar, ita ma ta shiga waƙar.

A cikin wannan ɗan lokaci na ga abin da na karanta ban fahimta sosai ba. Tun a 1957 M. G. Smith ya bayyana roƙo a matsayin wata hulɗa ta zamantakewa tsakanin maroƙi da wanda ake wasawa da kuma masu sauraro. Littafin da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa shi ma ya ɗaure kowane kayan kiɗa da mutanen da ake yi wa shi da kuma lokacin da ake yin sa. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, kotso da taushi na fada ne, ƙwarya ta mata ce. Ma'anar wannan ita ce waƙar baka ba ta kammala a bakin mawaƙi shi kaɗai. Wanda ya shigo fili, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya hana, duk suna da hannu a cikin ɗiyan da za a rera a daren. Shi ya sa waƙa guda ta Mamman Shata takan zo da ɗiya mabambanta a naɗe-naɗe dabam-dabam. Matanin da muke nazari hoton dare ɗaya ne daga cikin darare masu yawa.

Saboda haka nake raba wahalar taron fili gida biyu. Akwai wadda ta zama dole, kamar rana da ƙura da cunkoso da gajiyar ƙafa. Wannan ana iya sassauta ta da rumfuna da ruwa da makewayi da wurin mata, amma ba za ta ƙare ba, kuma ba ta cutar da waƙa. Akwai kuma wadda masu shiri ke jawowa: dandamali mai tsawo da ya raba makaɗi da jama'arsa, shingen da ya hana mai liƙi isowa, makirufo ɗaya ga ƙungiya guda, da lokacin da aka ƙayyade wa waƙar da a al'ada yanayin taro ne ke yanke tsawonta. Wannan ta biyun tana mayar da makaɗi abin ƙawata zaman manya, ta bar mai sauraro ɗan kallo kawai.

Za a iya cewa taron dubban mutane ba zai yiwu a tabarma ba, kuma gaskiya ne. Kuntigin Ɗanmaraya Jos mai tsirkiya ɗaya ba zai kai ƙarshen babban fili ba in babu na'ura, shi da Shata kuma duk sun yi amfani da makirufo da rediyo, waƙarsu ba ta mutu ba. Ba lasifika nake ƙi ba. Abin da nake nema shi ne wanda ke sarrafa sauti ya san cewa amshi rabin waƙa ne, ya ba 'yan amshi da makaɗa nasu makirufo. A rage tsawon dandamali, a bar hanyar da jama'a za su iso, a taƙaita jawabai, a ware ƙananan da'irori a gefen fili inda kowane rukuni zai yi wasa ga mutanensa. Mawaƙin zamani ma a nemi ya rera da muryarsa, ko da sautin bai kai na ɗakin naɗa santsi ba.

Dalilin gaggawa shi ne irin waɗannan taruka ba su da tabbas. Bikin kiɗa na hamada da aka fara a arewacin Mali a 2001, wanda ya shahara a Essakane kafin a matso da shi kusa da Tumbuktu, an yi na ƙarshe a can a watan Janairun 2012. A shekarar ne masu ɗauke da makamai suka mamaye yankin, suka haramta kiɗa. A gida kuma, bikin Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, ya yi kimanin shekara 10 ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. A yau rashin tsaro ya hana ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato zaman dare a dandali, can ne kuma yaro ke koyon amshi kafin ya zama jagora.

Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a sassan Hausa abu biyu. Na farko, duk kundin da ya shafi mawaƙin da ke raye, a wajabta wa mai shi halartar wasansa a fili, ya rubuta wanda ya zo, da abin da aka bayar, da inda waƙar ta karkata saboda su, ya naɗi taron dukansa har da hayaniyar jama'a. Na biyu, sassanmu su nemi kujera a kwamitocin da ke shirya bukukuwan al'adu, domin a samu wanda zai faɗa musu abin da makirufo ɗaya ke yi wa amshi. Dattijon da na saurara a daren nan ya tsufa ƙwarai, kuma a cikin 'yan amshinsa huɗu ban ga matashi ko ɗaya ba.