Ƙawwali: Tsakanin bindigar mai tsanani da kuɗin mai fim

 

A ranar 22 ga Yunin 2016, ana tsakiyar azumi, wasu mutum biyu a kan babur suka tare motar Amjad Sabri a unguwar Liyaƙatabad ta birnin Karachi, suka buɗe masa wuta. Yana kan hanyarsa ce ta zuwa gidan talabijin domin wani shirin Ramadan. Wani ɓangare na Taliban ɗin Pakistan ya ce shi ya yi kisan, bisa zargin ɓatanci. Mamacin mawaƙin bege ne, ɗan mawaƙin bege. Mahaifinsa Ghulam Farid Sabri da baffansa Maƙbul Ahmad su ne suka shahara da waƙar Tajdar-e-Haram, wadda yabon Manzon Allah (SAW) ce da shauƙin Madina. Watanni takwas bayan haka, a ranar 16 ga Fabrairun 2017, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a hubbaren Lal Shahbaz Ƙalandar da ke garin Sehwan, daidai lokacin da ake buga ganguna da yammacin Alhamis. Fiye da mutum 80 suka rasu, ciki har da mata da yara.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, muryoyin mutanen nan sun riga sun shigo gidajenmu ta wayoyin 'ya'yanmu, kuma hukuncin da ake yanke musu a bakin ɗalibai iri biyu ne kacal. Wani ya ce kiɗa ne, haramun ne, shi ke nan. Wani ya ce ai yabon Annabi ne, duk mai suka maƙiyin Annabi ne. Muna ganin dukansu biyu sun yi wa mas'alar gajeren wando, domin tarihinta ya fi haka faɗi.

Kalmar ƙawwali daga Larabci ta fito, daga “ƙaulu”, wato magana. Ta girma ne a hannun ɗariƙar Cishtiyya, wadda Shehu Mu'inuddin Cishti ya kafa wa tushe a Ajmer ta ƙasar Indiya, inda ya rasu a 1236. A birnin Delhi kuwa, a zauren Shehu Nizamuddin Auliya, almajirinsa mawaƙi Amir Khusrau ya haɗa Farisancin malamai da harshen mutanen kasuwa, shi ya sa har yau ake kiransa uban wannan fanni. Su biyun sun rasu a shekara guda, 1325, kuma kaburburansu na kusa da juna. Tsarin zaman bai canza sosai ba. Mawaƙa kan zauna a ƙasa, jagora a gaba, 'yan amshi a baya suna tafi. A fara da godiya ga Allah, a bi da yabon Annabi (SAW), sannan yabon Sayyidina Ali da waliyyai, kafin a shiga baitocin shauƙi. Baiti ɗaya ana iya maimaita shi sau da dama har sai ya ratsa mai sauraro. Akwatin kiɗan nan da jagora ke hurawa da hannu ɗaya yana latsawa da ɗayan, wanda mutane ke ɗauka kamar da shi aka haifi ƙawwali, baƙo ne. Daga Turai ya shiga Indiya a ƙarni na 19, sama da shekara 500 bayan rasuwar Khusrau.

To, me malamai suka ce? Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, suka yi rangwame ga bandiri a biki da Idi, saboda hadisin yara mata biyu da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, Manzon Allah (SAW) bai hana su ba. Ibnu Hazmi ya raunana hadisan hani, ciki har da wanda Bukhari ya kawo, sai Ibnus Salah da wasu malaman hadisi suka yi masa raddi mai ƙarfi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u kan ladubban sauraro, ya halatta shi da sharuɗɗa. Amma masu kafa hujja da shi kan manta cewa shi ma ya cire kayan tsirkiya da sarewa, saboda alamar mashaya ce a zamaninsa. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim kuwa sun yi watsi da mayar da sauraron waƙa hanyar neman kusanci ga Allah, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce: sahabbai ba su yi haka ba, kuma zuciyar da ta saba da kari takan yi nauyi ga Alƙur'ani.

Wurin da ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi nazari shi ne abin da masu abin da kansu suka faɗa. Ali Hujwiri, wanda hubbarensa ke Lahore, ya rufe littafinsa Kashful Mahjub da babin sauraro, ya gargaɗi masu farawa da su nisance shi. Shi kansa Nizamuddin, an ruwaito daga gare shi sharuɗɗa huɗu: mai rerawa ya zama cikakken namiji, ba yaro ba, ba mace ba, mai sauraro ya kasance cikin tuna Allah, abin da ake rerawa ya kuɓuta daga batsa da shashanci, kuma kada a sa kayan kiɗa irin su garaya. Ahmad Raza Khan, wanda ya rasu a 1921, jagoran masu maulidi na Indiya ne, kuma shi kansa ya rubuta waƙoƙin yabon Annabi masu yawa, amma ya ba da fatawar haramcin ƙawwali mai kayan kiɗa. Ashe ke nan ƙin kiɗa ba ƙin Annabi ba ne, ko a wurin waɗanda ba a shakkar soyayyarsu.

An taɓa kai ƙarar Nizamuddin gaban Sarkin Delhi, Giyasuddin Tugluƙ, kan wannan batu. Sarkin ya tara malamai, aka kira Shehin ya zo ya kare kansa. Ya kawo hadisai, abokan jayayyarsa suka ce su maganar Abu Hanifa suke nema. An yi zafi, ya koma gida ransa a ɓace, amma an tashi ba a rufe masa majalisi ba, ballantana a zubar da jini. Shekara 700 ke nan ana wannan muhawara da alƙalami da zaman malamai. Wanda ya ɗauki bindiga ya harbe mai azumi a kan titi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin malaman da muka ambata ba. Ko da mun ɗauki fatawa mafi tsauri, muka ce abin da Amjad Sabri ke yi saɓo ne, babu wata mazhaba da ta ce hukuncin mai kiɗa kisa ne. In kuwa zargin ɓatanci ne, an riga an shigar da ƙara a kotu tun 2014, bayan wata tashar talabijin ta saka ƙawwalin da ke ambaton iyalan gidan Annabi a cikin shirin nishaɗi na safe. Alƙali ke duba irin wannan, da shaidu, da ba wanda ake tuhuma damar magana. Alfarmar jinin Musulmi, wadda Manzon Allah (SAW) ya jaddada a Hajjin Ban-kwana, ba a yi saɓani a kanta ba. Kiɗa kuwa an yi. Wanda ya keta abin da aka haɗu a kai domin ya tsare abin da aka saɓa a kai, ya juya fiƙihu kai ƙasa.

Sai dai ba mai bindiga kaɗai ya cuci ƙawwali ba. Mai kuɗi ma ya yi nasa, kuma nasa ne ya fi isowa gare mu. Nusrat Fateh Ali Khan, wanda aka haifa a 1948 ya rasu a 1997, yana cikin waɗanda suka fitar da fannin zuwa manyan ɗakunan taro na Turai da Amurka. Muryarsa baiwa ce da ba a musunta ta. Amma a 1994 wani fim ɗin Amurka mai suna Natural Born Killers ya ɗora muryarsa a kan hoton tarzoma da zubar da jini a gidan yari, abin da ya nuna bai ji daɗinsa ba. A wannan shekarar dai, fim ɗin Indiya mai suna Mohra, wanda masu kallon Indiya a ƙasar Hausa suka sani sarai, ya ɗauki karin waƙarsa ta yabon waliyyin Sehwan, ya mayar da shi waƙar rawa tsakanin Akshay Kumar da Raveena Tandon. Matasa da yawa sun tashi da wannan kari a bakinsu ba su san daga hubbare ya fito ba. Sharuɗɗan Nizamuddin huɗu, babu ko ɗaya da ya tsira a wannan tafiya.

Haka nan ba za mu rufe ido ga abin da ke cikin wasu baitocin ba. Ambaton giya da mai shayarwa ishara ce da sufayen Farisa suka saba da ita, suna nufin shauƙin Ubangiji, amma yaron da ya karanta fassara a ƙasan bidiyo giya zai fahimta, ba wani abu ba. Akwai kuma yabon waliyyai da ke wuce gona da iri, har ya ba bawa abin da yake na Allah ne Shi kaɗai. Wannan ba a yi masa kara, ko da wace irin murya aka rera shi, ko da babu ganga ko ɗaya.

Mu ma muna da irin wannan tarihi a gida. Ƙadirawan Kano suna zikiri da bandiri, marigayi Shehu Nasiru Kabara ya kare shi da hujjojinsa, wasu malamai kuma suka soke shi da nasu. Daga baya mawaƙan bege suka riƙa ɗauko karin waƙoƙin fina-finan Indiya suna ɗora yabon Annabi a kai, yau kuma fiyano ta maye gurbin bandiri a wurin da yawansu. Tambayar da ta dami malaman Delhi ita ce ke gabanmu, sai dai mu ba ma son zama mu amsa ta da natsuwa.

Shawararmu ga magidanci ita ce, idan ya ji irin wannan sauti daga ɗakin 'ya'yansa, kada ya fara da fizge waya, kada kuma ya wuce don ya ji an ambaci Madina. Ya zauna ya tambayi yaron me ake faɗa, waye ake yabo, da wane lafazi. Idan gidan na bin fatawar hana kayan kiɗa, wadda ita ce ta mafi yawan malamai kuma ita muka fi natsuwa da ita, akwai yabon Annabi na Urdu da ake rerawa da murya zalla, kamar yadda muke da Ishiriniya da Burda a nan. Ɗalibi kuwa, kafin ya hau Facebook ya kira wani fasiƙi ko maƙiyin Annabi, ya karanta babin Gazali a Ihya'u, ya karanta raddin Ibnul Ƙayyim a Igasatul Lahfan, a gaban malami, daga farko har ƙarshe.